Yadda Ake Duba Zomaye Bayan Sun Yi Faɗa

Zomo dabba ce da ake farauta, saboda haka ɗabi'arsa ce ya ɓoye ciwo don kada magabci ya gane ya raunana. Wannan hali yana nan ko ga zomon da aka haifa a keji, shi ya sa mai kiwo kan ga zomonsa ya natsu bayan faɗa, ya ɗauka lafiya lau yake, alhali ciwo na cin sa a ƙarƙashin gashi.

Faɗa ya fi yawa tsakanin maza da suka balaga, wato daga wata 4 zuwa 6 da haihuwa. A raba su da katako ko tawul mai kauri, kada a sa hannu tsirara. Wajen ɗauka a tallafi ƙirji da gindi, a guji jan kunne. Ƙasusuwan zomo kusan kashi 8 ne kawai cikin 100 na nauyin jikinsa, kuma in ya yi harbi da ƙarfi yana rataye, ƙashin bayansa na iya karyewa.

A yi duban a wuri mai haske, daga kai zuwa wutsiya. Za a fara da idanu da hanci da leɓɓa da kunnuwa, sannan a bi wuya da gadon baya ana hura gashin ko ana shafa shi ta baibai har fata ta bayyana. Kada a manta da ciki da al'aura, domin maza kan nufi marainan juna da cizo. Gashin da ya jiƙe ko ya dunƙule alama ce ta huda a ƙasa. Ƙaramin rauni a wanke shi da ruwan da aka tafasa ya huce, mai ɗauke da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita. Fatar da ta yage, ko ciwon ido, ko jan ƙafa, ko kunnuwa masu sanyi tare da farin dasashi, duk na likitan dabbobi ne nan take.

Babban haɗari shi ne ƙaramar huda. Haƙori kan tura ƙwayoyin cuta irin su Pasteurella cikin nama, fata ta rufe a kansu, bayan 'yan kwanaki ƙurji ya taso. Mugunyar zomo kauri gare ta kamar cuku, ba ta tsiyayewa ko an huda, don haka sau da yawa sai an yi tiyata an cire ƙurjin ɗungurungum. Bugu da ƙari, a lokacin zafi ƙudaje kan yi ƙwai a rauni, tsutsa ta fito cikin kwana ɗaya.

Saboda haka a keɓe zomon, a riƙa laluben jikinsa kullum har mako biyu ana neman kumburi. A lura da cinsa da kashinsa: zomon da ya yi awa 12 bai ci komai ba hanjinsa na gab da tsayawa, kuma hakan na kisa. Kada a ɗura masa kafson mutane irin su amoksisilin ko amfisilin, domin suna kashe ƙwayoyi masu amfani na hanjinsa, su jawo zawo mai halakarwa. Mazan da suka zubar wa juna jini kuwa, kowanne a ba shi kejinsa.