Yadda Hannu Ke Koyon Ƙarfe a Panteka

A tsohuwar Kasuwar Panteka ta Kaduna, inda ake ƙera ƙofofi, injinan niƙa da tukwanen dalma, koyon sana'a yana farawa ne da miƙa amana. Uba ko kawu ya kawo yaro gaban maigida ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, na ba ka amana." Daga nan yaro zai daɗe bai taɓa injin walda ba. Aikinsa shara, ɗebo ruwa, zuwa aike, da miƙo kayan aiki har ya san lambar kowace sufana ba tare da ya duba ba. Masu kallo daga nesa kan ɗauki wannan ɓata lokaci ne, alhali a nan ilimin yake shiga. Yaron da ke danne ƙarfe maigida yana ɗinkewa, kunnensa na koyon ƙarar wuta: idan ta yi yawa ƙarfe ya huje, idan ta yi kaɗan waya ta riƙa mannewa. Mai zubin tukunya kuwa da tafin hannu yake gane danshin ƙasar zubi. Ya dunƙula ta, in ta riƙe ba ta jiƙa hannu ba, ta yi. Irin wannan sani ba ya rubutuwa a allo, shi ya sa ake fara ba yaro guntayen ƙarfe ya ɓata kafin a amince masa da aikin mai kaya. In hannunsa ya faɗa, sai a yaye shi da addu'a, wani maigidan har ya haɗa masa 'yan kayan aiki.

Akwai masu cewa wannan bauta ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Wani maigidan yakan ja shekarun koyo don ya mori hannun da ba ya biya sai kuɗin abinci. Yara da yawa na kallon wutar walda ba gilashin kariya, su kwana idanu na zubar da hawaye. Sai dai waɗannan laifin rashin ƙa'ida ne, kuma ƙa'ida ake sa wa abu ya gyaru. Ɗalibin kwaleji ma sai an tura shi masana'anta kafin hannunsa ya nuna, kuma asusun horar da ma'aikata na ITF da aka kafa a 1971 shi ke kula da wannan shiri.

Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, a Kaduna hedikwatarta take. Ya kamata ita da ƙungiyoyin masu sana'a su ƙayyade shekarun koyo, su wajabta kayan kariya, su kuma jarraba duk wanda aka yaye a bakin aikinsa su ba shi takardar shaida.