Waka Waka: Ta Shakira Ce Ko Ta Sojojin Kamaru?

Duk lokacin gasar cin kofin duniya, sai musun waƙar Waka Waka ya dawo a teburin mai shayi a Bibémi, haka ma a gidajen kallon ƙwallo na Garwa, a nan Kamaru. Wani ya ce waƙar 'yan Afirka ta Kudu ce, wani ya rantse Shakira ce ta ƙirƙiro ta. Akwai ma wani dattijo da ya taɓa ce mini ai daga Hausa aka ɗauko sunan, tunda mu ma "waƙa" muke cewa. Wannan dai kama da wane ce kawai. Babu ƙ mai lanƙwasa a ciki, kuma ba Bahaushe ya raɗa ba.

Abin da yake tabbas shi ne amshin ya girmi gasar 2010, wadda Shakira ta yi wa waƙar, da shekara ashirin da huɗu. A 1986 wata ƙungiya ta Kamaru mai suna Golden Sounds ta fitar da Zangalewa, waƙar da aka ɗauko amshin daga cikinta, kuma jigogin ƙungiyar, irin su Jean Paul Zé Bella, jami'an rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa ne a lokacin. Waɗanda suka ga bidiyon a talabijin ba sa mantawa: ƙattai sun cusa tsumma a ciki da ɗuwawu, ga farin gemu, ga hular Bature ta zamanin mulkin mallaka, suna maci kamar ƙiba ta hana su ɗaga ƙafa. Zambo ne ga sojan da ya ci ya ƙoshi.

Masu cewa su ne suka ƙaga ta ma sun zarce. Tsohuwar waƙar maci ce ta bariki, sojoji da 'yan sikawut sun daɗe suna rera ta, kalmominta gauraye da harshen Fang na kudu da Turancin buroka. Su gyara ta suka yi, suka sa a faifai.

Yadda ta kai Kolombiya, ƙasar Shakira, ba abin mamaki ba ne. Masu saka faifai a garuruwan gaɓar teku, har da Barranquilla inda aka haifi Shakira, sun daɗe suna son kiɗan Afirka. Afirka ta Kudu kuwa ta ba da filin gasar da ƙungiyar Freshlyground da aka yi waƙar tare da ita.

Batun "sata" fa? An yi ƙorafi sosai a Kamaru, gaskiya ne. Amma a cikin 2010 ɗin ɓangarorin biyu suka sasanta, ba a kai ga shari'a ba.