Abin Da Taswira Ke Ɓoyewa: Injiniya, Kwamfuta Da Ƙasar Kurmin Mashi

Sanin kowa ne unguwar Kurmin Mashi, wadda ke gefen titin Nnamdi Azikiwe kusa da tsohon mazaunin Makarantar Horon Hafsoshin Soja ta Kaduna, ta cika maƙil da gidaje. In za a yi hanya ko lambatu a irin wannan wuri, injiniya ba ya taɓa ƙasa sai ya siffanta ta a kwamfuta tukuna.

Ga yadda abin yake. 'Yan safiyo sukan bi unguwa suna auna tsayin ƙasa wuri-wuri. Sai a zuba awon cikin manhaja, kamar Civil 3D ta kamfanin Autodesk na Amurka, ita kuwa ta haɗa kowane ɗigo da maƙwabtansa, uku-uku, har ta saƙa wata raga ta alwatika mai nuna tudu da kwari. Daga ragar nan ake gane inda ruwa zai gangara, da yawan ƙasar da za a haƙe ko a cike.

To, amma ragar ba ta san gida ba, ba ta san kududdufi ba. Takan ratsa ta tsakar ɗakin mutum da ba wanda ya auna, ta ƙaga masa tsayi. Don haka aka ba injiniya ikon ɓoye wani sashe, kuma hanyoyin biyu ne, waɗanda a ido kusan ɗaya suke, alhali kuwa a lissafi sun sha bamban. Ta farko ita ce iyakar ɓoyewa: a zagaye wurin da layi, manhaja ta fid da shi daga lissafin faɗi da na yawan ƙasa. Ta biyu lulluɓi ne kawai: wurin ya ɓace wa mai kallo, amma yana nan cikin lissafi.

Wannan bambanci kuɗi ne tsabarsu. A ce fili mai tsawon mita 20 da faɗin mita 15 yana bukatar cikon rabin mita, watau kubik mita 150 na ƙasa. In an lulluɓe shi alhali gida ne tsaye da ba za a taɓa ba, gwamnati za ta biya ɗan kwangila ladan cikon da bai yi ba. In kuwa an fid da shi alhali ya kamata a cike, sai aiki ya yi nisa a tarar kuɗi sun gaza. Jami'in da ke sa hannu a takardar biya kuwa bugun taswira kaɗai yake gani, fes da ita.

Batun ruwa ya fi wannan muni. Kwarin da aka ɓoye don taswira ta yi kyan gani yana nan a ƙasa, kuma ruwan Agusta da Satumba zai neme shi, ko da kwalbati ko babu.

Tun da aka kafa hukumar KADGIS a 2015, harkar filaye a Jihar Kaduna ta koma kan kwamfuta. Saboda haka ya kamata ɗaliban safiyo na Kwalejin Fasaha ta Kaduna, da ma'aikatan da ke duba ayyuka, su riƙa neman a buɗe musu ragar gaba ɗayanta, a nuna musu kowane wurin da aka ɓoye, da hanyar da aka bi, da kuma dalili.