Ko Ka Sani? Na'urar da Ke Gano Ƙwayar Cuta a Huhu Cikin Awa Guda

Ko ka san cewa a cikin gaɓoɓin da ake dasa wa mutum, huhu na daga cikin waɗanda suka fi saurin kamuwa da cuta? Ƙoda da hanta suna can ciki a ɓoye, shi kuwa huhu kowane numfashi sai ya jawo ƙura da ƙwayoyin cuta daga waje. Ga shi wajen dashen an yanke jijiyoyin da ke sa mutum tari idan wani abu ya shiga, ga kuma magungunan da ke danne garkuwar jiki don kada ta yaƙi sabon huhun. Wanda aka fara yi wa wannan aiki a Amurka a 1963, a hannun Dakta James Hardy, kwana 18 kawai ya yi a raye. Sai a 1983 a Toronto aka samu wanda ya yi shekaru da sabon huhu.

Idan zazzaɓi ya kama irin wannan majinyaci, tsohuwar hanya ita ce a ɗebo kakinsa a shuka a ɗakin gwaji, a jira kwana biyu ko uku ƙwayar ta tsiro. Likita kuwa ba zai naɗe hannu ba. Sai ya ɗura masa manyan magungunan da ke kashe kusan komai, kuma a nan ne ƙwayoyi irin su Pseudomonas ke koyon bijire wa magani.

Na'urar BioFire, wadda ake ƙerawa a jihar Yuta ta Amurka, ta rage wannan jira zuwa kimanin awa ɗaya. Ana zuba ruwan da aka wanko daga huhu cikin wata 'yar jakar leda mai aljihuna. A ciki, wasu ƙananan tsakuwoyi suna girgiza su farfasa ƙwayoyin, sai na'urar ta ninka DNA ɗinsu sau miliyoyi har ya ganu. A gwaji guda tana neman bakteriya iri 18, da wasu ƙwayoyin bairos, da alamomi 7 na bijire wa magani. Da wannan sakamako likita zai iya janye maganin da ba shi da amfani tun ranar farko, ko ya sauya wanda ƙwayar ta fi ƙarfinsa. Duk wanda ya taɓa kai kaki gwajin tarin fuka a na'urar GeneXpert ya ga 'yar uwarta, don dabarar ɗaya ce.

Sai dai na'urar ba ta bambance matacciyar ƙwaya da mai rai, kuma abin da aka sa mata kaɗai take nema. Gwajin nata na huhu bai haɗa da Aspergillus da CMV ba, alhali su biyun suna cikin manyan masu addabar waɗanda aka dasa wa huhu. Shi ya sa har yau asibitoci ke ci gaba da shuka kakin tare da ita.