Teku Ma Tana Da Masu Ita: Raddi Ga Masu Cewa Babu Dokar Sigari A Tsakiyar Ruwa

Akwai wata magana da ta zauna a bakin masu sha'awar tafiya a manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, waɗanda ke zagaya tsibiran Karebiyan da tekun Bahar Rum da ɗaruruwa ko dubban fasinjoji. Cewa suke yi da zarar jirgi ya yi nisa da gaɓa, dokar kowace ƙasa ta tsaya a bakin ruwa. Hujjarsu kuwa a fili take: ga kanti a cikin jirgin yana sayar da sigari ba haraji, a farashin da ba a samu a gari. Daga nan sai suka fitar da hukunci uku: mutum zai iya sayen iya abin da aljihunsa ya ɗauka, ya sha a inda ransa ya so, tunda ya biya kuɗin ɗakinsa, sannan ya koma gida da ragowar ba wanda zai tambaye shi.

Masu wannan ra'ayi ba wawaye ba ne, kuma ba daga sama suka ɗauko shi ba. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan jirgi ya ga yadda kantuna ke rufe ƙofa muddin jirgi yana tsaye a tasha, sai ya fita teku sannan a buɗe su, haka ma ɗakin caca. Wanda ya ga haka dole ya ji a ransa cewa an ƙetare wata iyaka, kuma bayanta sai abin da mutum ya ga dama. Arahar ma gaskiya ce. A ƙasa irin Birtaniya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kwalin sigari haraji ne, saboda haka idan an cire shi dole farashi ya faɗi warwas. Na yarda da wannan duka. Inda muka rabu shi ne a kan abin da ake ginawa bisa wannan gaskiya.

Mu fara da batun teku. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku, wadda aka sa wa hannu a garin Montego Bay na ƙasar Jamaika a 1982, ta ba kowace ƙasa iko a kan ruwan da ke gabanta har zuwa mil 12 na teku, wato kimanin kilomita 22. Bayan wannan iyaka ba a bar jirgi sakaka ba. Yarjejeniyar ta ce yana ƙarƙashin dokar ƙasar da yake ɗauke da tutarta. Shi ya sa za ka ga an rubuta sunan Nassau ko Panama ko Valletta a bayan waɗannan jirage: can aka yi musu rajista, can kuma hukuncinsu yake. A kan wannan akwai dokokin kare rayuka a teku da ake kira SOLAS, waɗanda aka fara tsarawa a 1914 bayan nutsewar Titanic, Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya da ke Landan kuma take sabunta su. Sai kuma sharuɗɗan kamfani, waɗanda fasinja ya amince da su ranar da ya biya kuɗin tikiti, ko ya karanta ko bai karanta ba. A ƙarshe ga kyaftin, wanda maganarsa ita ce ta ƙarshe a kan duk abin da ya shafi tsaron jirgi. Mai shan sigari a gidansa doka ɗaya ce a kansa. A tsakiyar ruwa kuwa hawa huɗu ne.

To, me ya sa ake tsanantawa haka a kan karan sigari ɗaya? Amsar tana cikin abin da ya faru da wani jirgi mai suna Star Princess a daren 23 ga Maris, 2006. Jirgin ya taso daga tsibirin Grand Cayman ya nufi Montego Bay da mutum fiye da 3,000, fasinjoji da ma'aikata. Wajen ƙarfe 3 na dare, mutane na barci, wuta ta tashi a barandar wani ɗaki a hawa na 10. Hukumar binciken haɗurran jiragen ruwa ta Birtaniya, wadda ta bi diddigin lamarin, ta ce mafi rinjayen zato shi ne guntun sigari ne da aka yar ya faɗa kan wani abu mai kama wuta, ya yi ta ci a hankali kafin harshen wuta ya bayyana. Katangun da suka raba baranda da baranda na roba ne, kujeru da daɓen ƙasa ma haka. Iskar da tafiyar jirgi ke haifarwa ta yi ta hura wutar, cikin 'yan mintuna ta bi jerin barandu ta haura benayen da ke sama. Zafi ya farfasa ƙofofin gilashi, baƙin hayaƙi ya cika ɗakuna da hanyoyin wucewa. A lokacin babu na'urar gano wuta ko ta yayyafa ruwa a barandun. Fasinja ɗaya ya rasu saboda shaƙar hayaƙi, aka yi wa wasu 13 magani, ɗakuna 79 suka ƙone ƙurmus, wasu fiye da 200 suka lalace.

A lura da abu ɗaya a wannan labari. Ba lallai ne wanda ya yar da guntun ya kasance mai ɗakin da wutar ta tashi ba. Masu aiki a jirgi sun san cewa abin da aka jefa daga sama ba ya isa ruwa kai tsaye. Iska kan dawo da shi ta cusa shi a barandar da ke ƙasa, inda wani ya shanya tawul ko ya bar riga a kan kujera. Saboda haka hujjar nan ta "ɗakina ne, na biya" ba ta tsayuwa. Ka biya kuɗin ɗaki, amma ba ka sayi iskar da ke kaɗawa ta gefen jirgi ba, ba ka kuma sayi barcin maƙwabcinka ba. Idan gobara ta tashi a gari, mutane kan fito titi su jira motar kashe wuta. A tsakiyar teku babu titi, babu kuma wanda zai zo da sauri. Ma'aikatan jirgin ne kaɗai za su fuskance ta. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata fiye da 2,000. Wannan gari guda ne, amma garin da ba shi da ƙofar gudu.

Bayan wannan gobara aka gyara dokokin SOLAS game da kayan da ake gina baranda da su, gyaran ya fara aiki a 2008. Kamfanoni ma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Princess, mai jirgin da ya ƙone, ya hana shan sigari a ɗakuna da barandu a 2012. Royal Caribbean da Carnival da Norwegian suka hana a baranda a 2014, Holland America ya biyo baya a 2017. Wanda aka kama akan caje shi daga dala 250 zuwa 500, gwargwadon kamfani, kuma sharuɗɗan wasunsu sun ba su damar sauke shi a tasha ta gaba, ya nemi hanyar gida da kuɗinsa, ba a mayar masa da ko sisi. Abin da aka bar wa masu sha shi ne wuraren da aka keɓe: wani ɓangare na buɗaɗɗen bene, galibi a gefe ɗaya na jirgin, inda aka ajiye kwanon zuba toka mai murfi, wani lokaci da wani sashe na ɗakin caca. Sigarin lantarki ma yawancin kamfanoni a wuraren nan suka taƙaita shi.

Na san abin da za a ce, kuma magana ce mai ƙarfi: idan har tsaro ne ya dame su, don me suke sayar da sigarin a hawa na 5 su kuma ci tarar wanda ya kunna shi a hawa na 10? Don me ake barin hayaƙi a ɗakin caca, inda mai rabon kati ke tsaye awa da awa yana shaƙa? Wannan zargi ne da ya dace, ba zan kare kamfanoni a kansa ba. Riba suke nema, sun kuma san cewa ɗan caca idan ya tashi ya je shan sigari ba lallai ya dawo tebur ba. Amma son kuɗin kamfani bai mayar da katangar roba ta zama ƙarfe ba, bai kuma hana iska kaɗawa ba. Mai wannan hujja idan ya bi ta zuwa ƙarshenta, inda za ta kai shi shi ne a hana sha a ɗakin caca ma, ba a buɗe baranda ba. Haka nan za a ce ai wasu kamfanonin Turai, irin su Costa na Italiya da AIDA na Jamus, sun daɗe suna barin fasinja ya sha a barandarsa. Gaskiya ne. Sai dai wannan izini ne da kamfani ya rubuta, da sharuɗɗansa, yana kuma iya janye shi. Samuwar izini a wani jirgi shaida ce cewa akwai mai ba da izinin.

Saura batun komawa gida da kaya, wanda a nan ne mutane suka fi yin asara. Tun da aka buɗe kantin farko mara haraji a filin jirgin saman Shannon na ƙasar Ireland a 1947, ƙa'idar ba ta sauya ba: ƙasar da kaya suka fito ta yafe harajinta saboda ba a cikinta za a yi amfani da su ba. Ƙasar da za ka shiga ba ta yi wannan alkawari ba. Kwastam ɗinta ne ke faɗin iya abin da za ka wuce da shi kyauta. A Amurka da Kanada da Birtaniya kara 200 ne, wato ƙunshi ɗaya mai kwali 10. A Birtaniya idan ka haura wannan adadi, ba a kan rarar kaɗai za ka biya haraji ba, a kan sigarin gaba ɗaya ne. New Zealand kara 50 ta yarda da shi. Ostareliya, tun 2017, kwali ɗaya rufaffe da bai wuce kara 25 ba, da wani guda da aka riga aka buɗe. Hong Kong kara 19, wato ko kwali ɗaya cikakke bai kai ba. Singafo kuwa ba ta yafe harajin ko kara ɗaya, sigarin lantarki ma haramun ne a can ɗungurungum. A tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai an soke irin wannan ciniki tun 1999.

Sai a duba halin mutumin da ya ga tallan "sayi huɗu a ba ka ɗaya" a daren ƙarshe na tafiya, ya cika jaka da ƙunshi 5, washegari ya tsaya gaban jami'in kwastam da kara 1,000 alhali 200 aka yarda masa. Idan ya bayyana, zai biya harajin da zai cinye ribar da ya ƙirga. Idan ya ɓoye aka gano, an ƙwace kayan, ga tara, a wasu ƙasashe har da kotu. Garin neman gira an rasa ido. Mai kanti bai yi masa ƙarya ba. Aikinsa sayarwa ne, ba shi ne zai tsaya a layin kwastam ba.

Tashoshin da jirgi ke yada zango ma suna da nasu. Fasinjan da ya sauka a Cozumel ya shiga ƙasar Meziko, wadda tun Janairun 2023 ta hana shan sigari a bakin teku da wuraren shaƙatawa da otal-otal. Wanda ya sauka a Barcelona zai tarar an hana sha a rairayin bakin tekun birnin tun 2022. Ko jefa guntu cikin ruwa laifi ne, domin audugar da ke gindin sigari wani nau'in roba ce, yarjejeniyar MARPOL kuma ta haramta zubar da roba a teku ko ina ne.

Duniya ma ba ta kallon wannan araha a matsayin haƙƙin matafiyi. Yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fara aiki a 2005, ta ƙarfafa ƙasashe su rage ko su hana sayar da taba mara haraji ga matafiya. Dalilinta shi ne tsada na daga cikin abubuwan da suka fi sa mutane rage sha, taba kuma tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara, daga ciki fiye da miliyan 1 ba masu shan ta ba ne, hayaƙin wasu ne ya same su. Shi ya sa adadin da ake yafewa ke ta raguwa daga ƙasa zuwa ƙasa.

Ban rubuta wannan don in ci mutuncin mai shan sigari ba. Baligi ne, ya san abin da likita ya faɗa, kuma idan ya ga araha ya saya bai yi sata ba. Abin da nake roƙonsa shi ne ya yi tambaya uku kafin ya biya kuɗin tikiti: ina wannan kamfani ya keɓe don sha, kara nawa ƙasar da zan sauka ta yarda in shiga da shi, me kuma dokar kowace tasha ta ce. Amsoshin suna rubuce, ba sa ɗaukar rabin awa. Idan bai iya kwana ba tare da ya sha a ƙofar ɗakinsa ba, ya nemi kamfanin da ya yarda da haka tun daga gida. Idan kuwa ya shiga jirgin da ya hana, ya taka zuwa inda aka keɓe, ko da tsakar dare ne, ya kashe guntunsa a kwanon toka. Ma'aikatan nan 'yan Filifin da Indonesiya da Indiya da ke gyara masa gado, su ne za su sa kayan kashe gobara su shiga hayaƙi idan ya yi sakaci, kuma ba su ci ko kwabo daga rangwamen da aka yi masa a kanti ba.