Asma a Binduri: Maganin da ake shaƙa ko an ji sauƙi

Da hunturu ya kama a Disamba, ƙura kan lulluɓe Binduri da Bawku, ga hayaƙin ƙona daji, ga na itacen girki. Masu asma, wato fuka, sun san sauran: tari cikin dare, ƙirji ya ɗaure, numfashi da ƙyar.

Yawancinsu shuɗiyar inhela suka sani, salbutamol. Tana buɗe hanyar iska cikin mintuna, amma ba ta taɓa tushen ciwon, wato kumburin da ke cikin hanyoyin numfashi. Wannan aikin inhelar rigakafi ne, irin su beclometasone, wadda galibi ruwan ƙasa ce. Kullum ake shaƙarta yadda likita ya rubuta, kuma sai an yi makonni kafin amfaninta ya cika.

A nan ake yin kuskure. Mutum ya ji sauƙi, sai ya ce "ai na warke", ya ajiye. Kumburin ya dawo a ɓoye, wata rana da tsakar dare sai ga shi ana neman babur zuwa asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa asma ta kashe mutum 455,000 a 2019.

Bayan kowace shaƙa, a kurkure baki a tofar, don kada farin gyambo ya fito a baki ko murya ta dishe. Kada a daina, kada a rage, sai likita ya ce. Wanda kuwa yake buƙatar shuɗiyar fiye da sau 2 a mako, ya ɗauki katinsa na NHIS da inhelolinsa duka, ya koma asibiti tun kafin hazo ya yi kauri.