Babbar manhajar uwar garke: yadda ake zaɓa da lokacin sauyawa

Uwar garke ita ce kwamfutar da ke riƙe da bayanan kamfani, tana yi wa sauran kwamfutoci hidima dare da rana. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita tana da wa'adi. Idan ya cika, waɗanda suka ƙirƙire ta sukan daina toshe kafofin da 'yan kutse ke bi.

Microsoft ya janye tallafi daga Windows Server 2012 a watan Oktoban 2023, na 2016 kuma zai ƙare a Janairun 2027. A ɓangaren Linux, CentOS 7 ya kai ƙarshe ranar 30 ga Yunin 2024, abin da ya sa da yawa suka koma Rocky Linux ko AlmaLinux. Ubuntu LTS yana fitowa duk bayan shekara biyu, da tallafin shekara biyar kyauta.

Kafin zaɓi, a fara duba manhajojin da kasuwancin ya dogara da su. Idan ta lissafin kuɗi a kan Windows kaɗai take aiki, magana ta ƙare. Sannan a lissafa kuɗin lasisi, a kuma tabbatar akwai ma'aikacin da ya iya kula da babbar manhajar, domin Linux na kyauta ma yana buƙatar gwani.

Wajen sauyawa, a kwafi dukkan bayanai a ajiye a wani wuri, a tabbatar kwafin yana buɗuwa. A gwada sabuwar manhajar a wata kwamfuta daban, sannan a yi ƙaurar a daren da ciniki ya lafa, tare da shirin komawa tsohuwar idan an samu cikas.